Tofin Mma a Kan Furosesa

Sakasaka, Tamale
Ranar Lahadi

Yaya Wahid,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya zaman Tema? Mu nan da sauƙi, irin sauƙin da ka sani. Kumburin ƙafar Mma ya saɓe, amma mantuwar tana nan, ƙaruwa ma take yi. Shekaranjiya ta tambaye ni ko ni 'yar wace ce. Na ce 'yar Memunatu. Ta ce Allah sarki, ai ta san ta, mutuniyar kirki ce. Na yi dariya a gabanta, na shiga kicin na yi kukana.

Na rubuto ne don na gaji da kira. Duk sanda na kira, ko kana ɗakin injinanku inda ake karɓe muku waya, ko kana barci. Mma kuwa ba ta yarda da waya yanzu, in na kara mata a kunne sai ta ture. Fataw direba ya ce tunda lorinsa Tema take zuwa, zai riƙa kai mana takarda.

Babbar kwamfutar gidan rediyonmu, wadda kuke ce wa saba, ta mutu. An ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, shi ke nan. Fanka tana juyawa, fitilar gaba ta koma ja, allo baƙi ƙirin. Ɗan rubutun da ke fitowa a gabanta na kwafe maka a bayan takardar nan.

Ka san abin da ke ciki, tunda kai ka kwashe shirye-shiryen Baba daga kaset ka zuba mata kafin ka tafi. Kaset ɗin gara ta cinye su tuntuni. Duk hirar da Baba, Malam Seidu, ya yi a rediyo a rayuwarsa, tana cikin akwatin ƙarfen nan, ba ta ko'ina kuma. Tun rasuwarsa muke maimaita shirin kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, kuma ranar ce kaɗai Mma take cin tuwo ta cinye. In ya ce "a gaida mutanen gida" a ƙarshen shiri, sai ta ce "muna amsawa, Malam." Juma'ar da ta wuce ta zauna gaban rediyo har la'asar, waƙa kawai aka sa. Ko loma ba ta kai baki ba.

Mista Kwesi manaja ya kira ni ofis. Ya ce, "Madam Shamsiya, ni ba ni da wuri. Sabon mashin na kwamfuta yana zuwa. Ƙarshen wata in wannan bai tashi ba, 'yan kondem za su ɗauka. Ka gaya wa birodanka." Ba mugunta ba ce, ɗakin ne ƙarami. Amma ka san 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, guduma suke sa wa abu su auna shi a sikeli.

Ni sanarwar suna da ta rasuwa nake karantawa, ban san cikin inji ba. Ka zo, Yaya. Na gaji.

Ƙanwarka,
Shamsiya


Tema
Ranar Laraba

Shamsiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a tasha. Allah ya ƙara wa Mma sauƙi, ke kuma ya ba ki lada. Ni lafiya lau, ban da ciwon bayan nan na zama cikin sanyin injina.

Rubutun da kika kwafo ya taimaka. Yana nuna furosesa ce ta samu matsala, wato ƙwaƙwalwar injin, wani ɗan faranti da bai kai tafin hannunki ba. Ba zan rantse cewa ita kaɗai ce ba, amma na fi zaton haka. Muryar Baba ba a cikinta take ba, tana kan faifan ajiya. Sai dai faifan nan da yawa ne, a haɗe suke aiki, kowane yana riƙe da guntun abin, kuma injin nan ne ya san yadda ya jera su. Kar ki yarda wani mai gyaran waya ya ce zai zare su ya karanta miki a shagonsa. In aka hargitsa su, an gama.

Injin tsoho ne, irin furosesarsa ta yi wuya. Na yi sa'a akwai ɗan uwansa da aka ajiye a wajenmu, ogana ya ce in cire in ɗauka. Guda ɗaya ce tak, ba ni da ta biyu. Ita ce a cikin kwalin da Fataw zai kawo, a cikin wata leda mai ƙyalli. Ledar ba ado ba ce. Kin san ɗan tartsatsin nan da ke tsinkar mutum in ya taɓa ƙofar mota? Wanda bai kai shi ba ma, wanda ba za ki ji ba sam, yana iya kashe ta. Maiƙon hannu kuma yana ɓata gefen da ke da ɗigo-ɗigon zinariya. Na rubuta a jikin kwalin kar a buɗe. Ki sa shi saman kabad ki manta da shi.

Na nemi hutu, sun ce mako mai zuwa in wanda zai karɓe ni ya dawo. Zan zo in sa ta da hannuna. Ki ce wa Mista Kwesi ya ƙara haƙuri.

Jiya na kira Alhaji Tijani, abokin Baba, kan wata magana, ina yin sallama ya ce wallahi ya zaci Malam Seidu ne ya tashi. Wai muryata ta koma tasa sak. Ni ban ji haka ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ki gaida Mma. Ki ce mata ina tafe.

Yayanki,
Wahid


Sakasaka
Ranar Asabar

Yaya Wahid,

Gaisuwa da fatan bayanka ya yi sauƙi. Mma tana nan, koko kawai take sha, shi ma sai na yi ta lallashi. Wata Juma'ar ta sake wucewa babu shirin. Wannan karon ba ta ma tambaya ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Kwalin ya iso ina wurin aiki. Ka manta gidanmu ne? Tun muna yara, duk saƙon da ya shigo daga ɗan da ke nesa, hannun Mma yake fara sauka, ta buɗe, ta yi masa addu'a, sannan mai shi ya ɗauka. Fataw ya san haka, uwarsa ma haka take yi. Ya durƙusa ya miƙa mata, ya ce daga Wahid. Da na yi masa magana daga baya ya ce, "To ni zan ƙetare Hajiya in ba wa? Ai ba a yi." Rubutun jikin kwalin kuwa, da Turanci ka yi shi, Mma ba ta karanta ko na Hausa.

Na dawo na tarar ledar mai ƙyalli a yage a ƙasa. Abin yana tafin hannunta, hannun da ta gama shafa wa man kaɗe. Tana juya shi a hasken taga tana murmushi, rabon da in ga haƙoranta har na manta. Ta ce, "Kin gani? Wahid ya aiko mini da zinariya." Kafin in buɗe baki ta karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta tofa a kai, a daidai gefen zinariyar, ta ce Allah ya tsare mai aikowa. Sannan ta ƙulle shi a bakin mayafinta tare da goro.

Yaya, na tsaya ina kallonta. In fizge, ta yi kuka. In bari, ban san me ke lalacewa ba. Da shi ta kwana a ƙarƙashin matashi. Sai da safe na ce mata zan kai wa maƙeri ya sa masa sarƙa, sannan ta kwance ta ba ni, tana ja mini kunne kar a rage mata nauyinsa.

Yanzu yana cikin yagaggiyar ledar, a saman kabad. Akwai shatin yatsa a jiki da ɗan ɓurɓushin goro. Ban goge ba, ina tsoron in ƙara ɓata shi. Ka gaya mini gaskiya, ya mutu? Kuma yaushe za ka taso? An kawo sabon injin, yana cikin kwalinsa a baranda, Mista Kwesi yana ta zagaya shi.

Shamsiya


Tashar Tema
Ranar Litinin

Shamsiya,

Ina gaisuwa. A gurguje nake, Fataw ya tada lori.

Na rubuta ƙarara kar kowa ya taɓa. Guda ɗaya ce, na gaya miki. Kar ki goge, kar ki gwada komai. Ki bar shi har in zo. Wannan ba aikinki ba ne.

Wahid


Tema
Ranar Alhamis

Shamsiya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Mma? Ya naki? Fataw ya zo ya koma ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Na tambaye shi, ya ce kin ce ba saƙo. Na kira, ba ki ɗauka ba. Na san kina gani.

Takardar nan ta tasha, a kan gwiwata na rubuta ta, na fito daga aiki idona na rufewa. Da na ce ba aikinki ba ne, nufina kayan da ke kanki sun isa, bai kamata in ɗora miki nawa ba. Na san ba haka ta fito ba. Kuma laifin kwalin nawa ne. A gidan aka haife ni, na san hannun da saƙo ke fara sauka, na zauna ina rubuta gargaɗi da Turanci kamar kamfani zan aika wa. Ki yi haƙuri.

Hutun ya rushe. Wanda zai karɓe ni bai dawo ba, ogana ya ce in na tafi kar in dawo. Na yi ta jujjuya yadda zan faɗa miki, babu hanya mai daɗi. Ba zan iso kafin ƙarshen wata ba. Ke za ki sa furosesar.

Ban san ko tana da rai ba. Tana iya yiwuwa ta tsira, ba a sani sai an kunna. Na ba Fataw ƙaramar jaka, na roƙe shi ya kai miki gidan rediyo, ya ce wannan dai tunda ba gida zai shiga da ita ba, ya yarda. Ki riƙe takardar nan kusa da ke.

Ki fara da goge ta. Akwai kwalbar sifirit fari da ƙyalle a jakar, kar ki yi amfani da na kemis mai launi. Ki riƙe ta a gefe da gefe kamar yadda kike riƙe hoto, ki goge gefen zinariyar a hankali har maiƙon ya fita, ki bar ta ta bushe sarai.

Injin yana da igiyar wuta biyu a baya, ki zare duka, sannan ki danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Ki cire awarwaro da zobe, ki ɗaure mayafinki baya. Igiyar da ke cikin jakar ki ɗaura a wuyan hannu, ki maƙala bakinta a jikin ƙarfen injin, ita za ta kwashe tartsatsin jikinki. Kar ki tsaya kan kafet.

In kin buɗe murfin za ki ga wani ƙarfe mai tsaga-tsaga, shi ke sanyaya ta. Ki sassauta kusoshinsa kaɗan-kaɗan, kusurwa da kusurwar da ke kallonta, ki ɗaga shi sama. A ƙarƙashi akwai maƙallai biyu, an zana wanda ake fara saki. Ki ɗaga tsohuwar furosesar a miƙe, kar ki ja ta gefe.

Nan ne wurin da nake tsoro. Gurbin da take zama cike yake da allurai sirara, sun fi gashin ido laushi. Guda ta lanƙwashe, injin ya tafi, muryar Baba ta bi shi. Kar yatsa, ko ƙyalle, ko bakin hannun riga ya shiga wurin. Akwai 'yar alama mai kusurwa uku a gefe ɗaya na furosesar, akwai irinta a gurbin, ki daidaita su. Ki sauke ta kwance, ki sake ta. Ba a dannawa. In ba ta zauna da kanta ba, ki ɗaga ki sake dubawa.

Ki mayar da maƙallan, za su yi tauri, haka suke. Ki goge tsohon man da ya bushe a ƙarƙashin ƙarfen sanyayan, ki ɗiga sabo daga sirinjin da ke cikin jakar a tsakiyar furosesar, kamar ƙwayar wake. Ki ɗora ƙarfen, ki ɗaure kamar yadda kika kwance. In ta tashi, kafin ki yi komai ki kwafe shirye-shiryen Baba a faifan da na sa a jakar.

Hannunki ya fi nawa natsuwa, ke kike zare wa Mma ƙaya a ƙafa ba ta ko motsa ba. In kuma ba ta tashi ba, ba ke kika kashe ta ba. Ki rubuto mini ko zagi ne.

Yayanki,
Wahid


Sakasaka
Ranar Asabar

Yaya Wahid,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Ƙafar Mma ta ɗan sake tashi, na kai ta an canza magani. Ni kuma barci nake nema, ban da shi ba abin da ke damuna.

Zagin da ka ce in rubuto, na rubuta shi tun ranar da takardar tasha ta zo, na yaga. Ina wanke zanin gadon Mma Fataw ya miƙo mini ita. Na karanta "ba aikinki ba ne" da kumfa a hannuna, na ce to wanne ne aikina, wannan kaɗai? Na ji haushinka ƙwarai, Yaya, har yanzu ma da saura. Na karɓi haƙurin, amma ka bar ni in huce a hankali.

Ranar Laraba na yi aikin, bayan na gama sanarwar safe. Mista Kwesi ya riga ya kira ɗan kondem, mutumin yana zaune a baranda kan babur ɗinsa yana jira. Na ce a ba ni zuwa azahar. Mista Kwesi ya ce, "Madam, ka iya?" Na ce ban iya ba, ya fita ya ja mini ƙofa.

Na goge ta kamar yadda ka ce. Man kaɗen ya fita, ɓurɓushin goron ya fita. Ina gogewa ina jin kamar addu'ar Mma nake kankarewa, sai na ce a raina ai ba a jikin zinariyar take zama ba. Na naɗe kafet, na tsaya kan siminti ba takalmi, da igiyarka a hannu kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ba ka gaya mini ƙura ta yi kauri haka a ciki ba, sai da na kawar da kai na yi atishawa.

Da na ɗaga tsohuwar na ga alluran, sai na ja baya. Na ajiye komai na zauna a ƙasa na ɗan jima. Karon farko na sauke ta ba ta zauna ba, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, kuma wallahi yatsana ya so ya danna. Na ɗago ta, ashe alamar na juya. Na gyara, na sake ta, ta kwanta lif. Maƙalli na biyu ya yi taurin da na zaci na fasa wani abu. Man kuma ina jin ya fi ƙwayar wake, ya kusa gujiya, ka yafe.

Na mayar da igiyoyin na danna. Fankokin suka yi ihu kamar za su tashi sama, allo baƙi, ya daɗe a baƙi. Har na fara tunanin abin da zan rubuta maka. Sai fitilar ta koma kore, rubutu ya fara gudu. Na buɗe, ga sunan Baba jere reras. Ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba, na jona faifanka na zauna ina kallo har ya gama kwafa. Ɗan kondem ya tafi da tsohuwar furosesar kawai, yana ƙunƙuni. Mista Kwesi ya ce injin ya zauna a ƙarƙashin teburina. Faifan yana cikin akwatina a gida.

Jiya Juma'a aka sa shirin. Na yi tuwo da miyar ayoyo, na zaunar da Mma gaban rediyo. Baba ya yi sallama, muryarsa tas, har ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara. Mma ta ɗaga kai. Ina jira ta ce "Malam."

Ta ce, "Wahid ya dawo."

Na ce, "Mma, Baba ne, a rediyo."

Ta dube ni kamar na yi wauta. Ta ce, "Ni za ki gaya wa muryar ɗana? Tashi ki zuba masa tuwo, ya sha hanya."

Makonnin nan da ba ta ji shi ba sun tafi da shi, Yaya. Mun ceto muryar, amma ba ta san mai ita ba kuma. Da ya ce a gaida mutanen gida, ba ta amsa ba, tana ta leƙen ƙofa. Ta ƙi taɓa nata sai an zuba naka. Na zuba a kwanon nan mai murfi da kake ci a ciki, na ajiye kusa da ita. Sannan ta ci, ta cinye tas, har ta nemi ƙari. Da shirin ya ƙare ta tambaye ni ina ka shiga, ba ka zo ta gan ka ba. Na ce ka koma masallaci.

Ban ce ka bar aikinka ba, na san abin da yake riƙe mana. Ina gaya maka ne kawai yadda ake ciki. Juma'a mai zuwa za a sake sa shirin, zan sake zuba maka tuwo, zan sake cewa kana masallaci. Ban san Juma'a nawa za ta yarda da ni ba.

Ta hana a taɓa kwanon. Yana nan a rufe.

Ƙanwarka,
Shamsiya